Sai Gam Ya Sha Iska

Ranar da na fara zama a rumfar Mai Faci, a kan aikinsa na zauna. Ya shafa wa faci gam, ya ajiye a benci don ya sha iska, ni kuma na zo da surutuna na ɗora masa mazaunai. Haka na wuni a ofis da baƙar roba manne a bayan wando, mutane suna ta dariya, ni ina zaton labaraina ne suke yi musu daɗi.

Mai Facin ɗan kawuna ne, ya girme ni da shekara bakwai, Yaya nake ce masa. Shekara goma sha tara ya yi yana tuƙa babbar motar wani kamfanin sufuri, ko kaza bai taɓa takawa ba. Da idonsa na hagu ya fara yin yana, mutum ɗaya ya faɗa wa, amininsa, wanda suke cin abinci kwano ɗaya. Yaya ya ce masa zai nemi magani, in abin ya ƙi, shi da kansa zai ajiye makulli. Kafin mako ya zagayo manaja ya kira shi, ya karɓi makullin, ya miƙa wa aminin nan a gabansa.

Shekara biyu Yaya ya yi ko gaisuwa ba ya amsawa da daɗin rai. In ka ce masa ina kwana, sai ya dube ka kamar ka zo ɗaukar rahoto. Daga baya ya kafa rumfa a bakin titi, da injin iska, da bahon ruwa, da benci mai ƙafa uku, ta huɗun bulo ce.

Aikin ne ya gyara shi. Faci ba ya kamawa sai gam ya sha iska, kuma a 'yan mintunan nan mai taya ba shi da abin yi sai zama. Wata rana wani direba ya zauna, ya fara da kukan tsadar taya, ya ƙare da kuka na gaske, a kan ɗansa da ya daina yi masa magana. Yaya ya manna facin, sannan ya ce, "Kada ka je masa da wa'azi. Ka tambaye shi ko ya ci abinci." Bayan kwana uku direban ya dawo, tayarsa lafiya lau, ya nemi wuri ya zauna.

A nan Yaya ya gane abin da Allah ya ajiye shi ya yi. Fara'arsa ta dawo. Har ta kai mutane suna sace wa tayarsu iska da hannunsu don su sami dalilin zuwa. Ya taɓa ce min, "Da ina ganin kowa maƙiyi ne. Ashe kowa da inda yake yoyo." Abu ɗaya yake tinƙaho da shi: maganar da ta shiga rumfarsa ba ta fita.

Ni na fitar da ita.

Wata rana da hantsi ina kishingiɗe a bayan tarin tayoyi, ina jiran babur ɗina, sai ga wani akawu na layinmu, mutumin da ba ya magana biyu bai ce "a taƙaice dai" ba. A taƙaice dai, an sallame shi daga aiki wata uku ke nan. Kullum sai ya goge riga, ya fita da jaka, ya wuni a tasha, don kada matarsa ta sani. Yaya ya ce duk ranar da ya shirya, zai raka shi su faɗa mata tare.

Washegari a shagon aski labarin ya dinga yi min ƙaiƙayi a harshe. Ban kama suna ba, Allah shaida ne. Na dai maƙale jaka a hammata, na gyara murya, na ce, "A taƙaice dai, uwargida, yau aiki ya yi yawa." Har mai askin sai da ya ajiye almakashi ya riƙe ciki. Kafin la'asar matar ta ji a bakin maƙwabciya.

Akawun ya zo rumfar, bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Yaya, "Kai kaɗai na faɗa wa." Ya juya ya tafi. Cikin mako guda bencin ya bushe. Masu taya sai su miƙa, su tsaya daga nesa suna latsa waya, su karɓa su wuce.

Sai da na kwana huɗu kafin ƙafata ta yarda ta kai ni. Na tarar da shi a tsugune gaban baho, yana neman huji.

"Yaya, ni ne fa. Ina bayan tayoyi ranar."

"Na ga takalminka," in ji shi, bai ɗago ba. "Na ce ai ƙanena ne."

"Wallahi wasa ne. Ka san bakina, kullum riga ni tashi daga barci yake yi."

Ko murmushi bai yi ba. Na sosa ƙeya, na ce, "To ka ba ni shawara mana. Ba kai ne mai ba mutane ba?"

Ya ɗago ya dube ni da idon nan mai lafiya.

"Gidansa ne na uku bayan famfo. Ka je ka tsaya gabansa da matarsa, ka ce kai ne. Tunda kwaikwayo ka iya, yau ka kwaikwayi mutumin kirki, ko na minti biyar ne."