Ranar da waya ta ƙame, tumatir na rana

Tun hantsi tumatirina yake cikin kwanduna a bakin kanal ɗin ban-ruwa, rana tana dukansa. Abin da ya rage kawai in kira direban da zai kwashe shi kafin ya cika motarsa da na wasu a Kadawa. Na ciro waya, na danna, ta ƙame. Ba gaba, ba baya. Batirin irin na yanzu ne da ba a cirewa. Lambar direban kuwa, wa yake haddace lamba a zamanin nan?

Na figi babur sai Kura, wajen mai gyara. Tare muka yi firamare da shi. Shi ya wuce makarantar gaba, ni aka miƙa mini fartanya.

"Injiniya, tashe ta, kayana za su ruɓe."

"Mutumina, zauna mana."

"Ban zo zama ba."

Maimakon ya gyara, sai ya buɗe mini aji. Wai ƙwaƙwalwar waya kamar filin noman rani take, an yanka ta fangali-fangali. A can ciki akwai mai riƙe da taswirar wane ne ke da wane fangali. Duk manhajar da ke son ƙarin wuri, sai an kulle taswirar, a gyara, sannan a buɗe, don kada biyu su faɗa fangali ɗaya.

"Taka ka cika ta da bidiyon gurup. Ina jin wani ya riƙe makulli yana jiran wuri, mai wurin kuma yana jiran makulli."

Na ce, "To ai halinmu ne a layin ruwa. Na sama ya ƙi saki sai na ƙasa ya toshe, na ƙasa ya ƙi toshewa sai ya ga ruwa. Ashe har cikin waya an kai mana wannan tsiyar. Gyara, malam!"

Ya danne maɓalli biyu tare, ya riƙe, yana dariya. Ta mutu, ta taso. Aikin ke nan gaba ɗaya.

A tsaye na kira direban. Ya ce ya neme ni ya gaji, ya yi lodi, har ya wuce Zariya.

Kafin la'asar ni da mai ɗakina muna bakin gona da wuƙaƙe, muna tsaga tumatir muna shanyawa a kan buhuna. Wanda ya riga ya yi ruwa, a kanal na juye shi.