Goggona Mai Kitso Da Bencin Baya

Ranar Alhamis, tara ga watan Mayu, muna ajin lissafi aka aiko kirana. Na tarar da Baba tsaye a ƙofar ofishin shugabar makaranta, hularsa a hannu. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Goggonki ta huta." Haka na ji labarin rasuwarki, Goggo, bayan ciwon ƙodar da ya kwantar da ke tun bara.

Kin san ni da nauyin baki, ke ce ma kika raɗa mini Shiru-shiru. A wajen jana'iza an ce 'yan uwa su tashi su yi magana, ni ban tashi ba. Shi ya sa na zauna nake rubutawa.

Ke ce ƙanwar Baba, mai kitso a ɗan shagon nan mai shuɗin labule kusa da tashar mota. Ina ganinki har yanzu a kan kujerarki, tsinke a bayan kunne, gwangwanin mai a gefen ƙafa, kina waƙa kina tsaga. Shekarar da na shiga makarantar kwana na dawo hutu da ƙwarƙwata, kunya ta hana ni cire ɗankwali ko a gaban Mama. Kallo ɗaya kika yi mini kika ja labule. Kika ce, "Baƙi ne suka sauka ba sallama, yanzu za mu raka su." Kika wanke, kika taje, kika kitse, har kika koma ga Allah ba wanda ya ji daga bakinki.

Laifin da aka kama ki da shi ɗaya ne. Ranar Lahadi, bayan an tashi daga sujada a coci, kina buɗe shago. Matan masaƙa da masu aikin shara a asibiti ba su da wata ranar hutu sai ita, kuma su ne rabin masu zuwa wurinki. Ke kuma kika mai da Litinin ranar hutunki. Ranar ko mataji ba kya taɓawa, sai karatu da addu'a, ko amarya ce ta zo da kuka sai dai ta dawo Talata.

Dattawan ikilisiya suka kira ki. Baba ya raka ki, shi ya ba mu labari. Babban dattijo ya ce, "'Yar'uwa, ranar Ubangiji ce fa."

Kika ce, "Na sani, Dattijo. Na kai maganar gabansa na roƙa, zuciyata ba ta zarge ni ba."

Ya ce ki rufe shagon ranar Lahadi, sannan ki tsaya gaban jama'a ki ce kin yi zunubi. Kika ce rufe shago mai yiwuwa ne in Allah ya nuna miki, amma ki faɗi abin da ba ki gaskata ba a cikin coci, wannan ƙarya ce, kuma kin fi jin tsoronta.

Sai aka sa ki a horo. Aka cire ki daga mawaƙa, aka hana ki Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi, aka nuna miki bencin baya, wanda ke kusa da inda ake jingina tsintsiya. Ba ki bar zuwa ba. Duk ranar Jibi tiren gurasa yakan zo har layin da ke gabanki ya juya. Ina cikin mawaƙa ina kallo, kina murmushi kina gyara ɗaurin kanki kamar ba komai. Amma na taɓa ganin kin share ido da gefen mayafi.

Ban ce aikin Lahadi daidai ne ba. Ni kaina ba na yi. Mama ko wanki ba ta yi ranar, kuma ba ki taɓa yi mata dariya ba. Ko sau ɗaya ba ki ce in zo in taya ki ranar Lahadi ba, don kin san raina bai kwanta da shi ba. Kin bar wa kowa zuciyarsa, taki ce aka ƙi bar miki. Na kuma lura motar hayar da ke kawo babban dattijo sujada ba ita ke tuƙa kanta ba, amma ban taɓa jin an kira direban gaban kowa ba.

Da ciwo ya yi tsanani, hannuwanki suka kumbura, shagon ya rufe da kansa, Lahadi da Litinin duka. Abu ɗaya kika roƙa a gadon asibiti: a kawo miki Jibi kafin ki tafi. Fasto ya zo, ya riƙe hannunki, ya yi addu'a. Da kika tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, sai dattawa sun zauna."

Kika ce, "To, su zauna da wuri, ɗana. Ni a kwance nake, ba na jin zan daɗe."

Zaman farko ba a yi ba, wani dattijo ya yi tafiya. A na biyu maganar rufin coci ta cinye lokacin. Suka aiko a tambaya ko kin shirya furta laifinki. Kika girgiza kai, kika juya fuska bango.

Ranar jana'iza coci ya cika. Matan masaƙa suka zo da yawa, suka tsaya a waje don wuri ya ƙare. Aka ajiye akwatin gawarki a gaba, wurin da aka hana ki zama da ranki. Babban dattijo ya tashi ya gyara murya, ya ce dattawa sun zauna jiya, ikilisiya ta ɗage horon, ta kuma yafe miki. Mutane suka amsa da amin. Ɗanki, Yaya, ya miƙe ya fita bai waiwaya ba. Ni na zauna ina ta tambayar kaina, wa za a miƙa wa gurasar yanzu?

Allah ya ji ƙanki, Goggo. Ya karɓe ki a teburinsa, inda ba a jiran wani ya dawo daga tafiya. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya, Allah ya sanyaya zuciyarsa, kada abin da ya gani ya raba shi da gidan Allah. Ga Baba, da Kaka wadda ta binne 'yarta da tsufanta, Allah ya ba su haƙuri. Ga matan da suka rasa mai kitso da mai jin kukansu, Allah ya mayar musu da alheri.

Fasto ya ce mu sa dattawa ma a addu'a, kada mu hukunta su. Gaskiya ya faɗa, na san ke ma haka za ki ce. Na durƙusa, na kira sunan Baba da Kaka da Yaya, da na zo kan dattawa bakina ya ƙi buɗewa. Ya Ubangiji, ka ji ƙan Goggona. Ni kuma ka ƙara mini lokaci.