Ranar da Na Haɗa Yaya da Ɗan Farinsa a Wasan Kwamfuta

A da, a ƙasarmu, uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya ɗaukarsa a gaban jama'a, ba ya cin abinci da shi, balle wasa. Kunya ce, kuma kowa ya san ba ƙiyayya ba ce. Na zauna a Khartum, na zauna a Abijan, na ga uba ya saɓa ɗan farinsa a wuya yana yawon kasuwa. Na yi ta bayanin al'adarmu da Larabci da Faransanci, ba wanda ya gane. Yanzu a Gwarzo ma sai an yi wa yara wannan bayanin.

Yayana da ke Kabo manomi ne. Ɗansa na fari ya girma, ya yi karatu, ya tafi aiki Turai, Yaya bai taɓa kiransa da komai ba sai "kai" ko "wancan". In ya bugo waya, da ƙannensa yake hira. Da uban, gaisuwa ce kawai a taƙaice.

Da Yaya ya tashi daga wata doguwar jinya, sai tsoro ya kama shi kada ya mutu bai taɓa zama da ɗan nan ba. Ya ji cewa ɗan yana wani wasan yaƙi a kwamfuta duk ƙarshen mako, ya aiko in zo.

"Kai da ka iya na'urar nan, haɗa ni da wancan."

"Hira za ku yi, Yaya?"

"Hirar me? Wasa dai."

Na kai masa kwamfutata. A wasan, mutum yana gina gari, ya sa talakawansa noma da saran itace, ya tara sojoji. Yaya ya yi makonni yana koyon jan linzamin kwamfuta. Gonakin suka shiga ransa, yana jera su kamar kunyoyin gyaɗa. Sabis ba ya kamawa sai kusa da rumbu, don haka muka rataye wayata a reshen darbejiya, muka shimfiɗa tabarma a ƙasa. Karon farko abin ya ƙi, wai wasan namu tsohon yayi ne, sai da na koma Gwarzo na sabunta shi. Ɗan Yaya ya buɗe ɗakin wasa daga can, ya aiko da lambar shiga.

Wata Asabar bayan la'asar muka shiga. Muka saki muryar waya, mutanen gida suka taru a bayanmu.

Wasa ya fara, Yaya kuwa gaisuwa ya fara. Ina gajiya, ina aiki, ina sanyi, ina maƙwabta. Wancan yana amsawa da "lafiya" ɗaya ɗaya. Yaya ya shiga noma yana murmushi, bai gina ko katanga ba. Can sai ga maharba a bakin garinsa.

"Baba, ina sojojinka?"

"Sojan me? Da wa zan yi faɗa?"

"Da ni mana. Wasan ke nan."

Ya cinna wa gonakin wuta ɗaya bayan ɗaya, ba ya sauri. Ya rushe rumbunan. Yana harbe manoman yana tambaya, "Wannan ma naka ne, Baba?"

Na ce, "Haba ɗana, sassauta, tsoho ne."

"Baffa, wanda ka sani ake sassauta wa."

Ya bar manomi guda tsaye a tsakiyar toka, maharba sun zagaye shi.

"Baba, saura mutum ɗaya. Kira sunana in bar maka shi. Har itace zan ba ka ka sake gini."

Yaya ya waiga ya ga mata da 'ya'ya da surukai, duk ido a kansa. Leɓensa ya motsa.

"Kai..."

"Ba 'kai' ne sunana ba. Ai kai ka raɗa mini shi. Ko ka manta ne? Tsufa!"

Ya yi dariya. Yaya ya juyo gare ni, muryarsa ƙasa ƙasa. "Faɗa masa ai ya san..."

"Baffa, ba da kai nake ba. Bakinsa nake jira."

Muka jira. Gumi na bin gemun Yaya, yana ta jan linzami yana neman inda zai gudar da manomin, babu hanya. Sai kibiyoyi suka tashi. Rubutun Turanci ya fito a allo.

"Me aka ce?"

"An cinye ka, Yaya."

"To, a sake. Yanzu na gane, zan yi katanga."

Na duba. Wancan ya riga ya fita daga ɗakin, ya kashe wayar.

Asabar da yawa bayan nan na je Kabo, na buɗe ɗaki, na aika masa da lamba. Yaya yana zaune da sabuwar hula har a kira magariba. Wancan bai sake shigowa ba.

Yana bugo wa ƙannensa waya har yanzu. Da ya ji za a miƙa wa uban, sai ya katse. Daga ranar nan, 'yar gaisuwar da ke tsakaninsu ma ta ƙare.