Injin Bohal ɗin Layinmu

Ƙanin matata ne ya bari aka kira ni maha'inci a ƙofar masallaci, yana tsaye, bai ce uffan ba.

Ni mai gyaran famfo ne, a aji uku na bar sakandare. Da mutanen layinmu a Kabara suka haɗa hannu aka haƙa bohal, ni na saka injin. Shi kuma ƙanin matar tawa, da yake ya karanci kwamfuta, ya kawo wani ɗan akwati, ya ce shi zai riƙa kunna injin yana kashewa gwargwadon ruwan da ke ƙasa. Na cire makunnin da na saba sakawa, na jona nasa. Har alfahari na yi da shi.

Da bazara ta yi tsanani ruwa ya ja baya, injin ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone. Gidaje suka koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa. Bayan sallar la'asar mai unguwa ya tsayar da ni gaban jama'a, aka ce tsohon inji na saka a madadin sabo. Na waiwaya wajen surukin nawa, ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Tun ranar ko famfon banɗaki ba wanda ya ƙara kirana in gyara.

Sai da yayarsa ta matsa masa sannan ya zo shagona. Ya zauna yana mini bayani kamar muna aji. Wai yarukan da ake rubuta wa na'ura umarni ba ɗaya ba ne. Akwai wanda dokarsa ta wajabta ya tsaya cak in lissafi ya kauce. Wanda shi ya yi aiki da shi kuwa, dokarsa ta bar wa mai rubutu ya sa binciken kuskure da kansa, shi kuma bai sa ba. Ma'aunin ruwan da ke cikin bohal ɗin ya aiko da lambar banza, akwatin ya karɓa, ya ci gaba da juya inji.

Na tambaye shi ko ya san haka tun farko. Ya ce ya sani, sauri yake yi.

"Yaya, ai ƙa'idar yaren ce ba ta ce dole ba."

Na ce, "Injiniya, ni ban san yarenka ba. Amma ranar nan ma da ba a ce maka dole ba, shiru ka yi. Gobe bayan la'asar ka maimaita wannan karatun a ƙofar masallaci, da Hausa. In ba za ka iya ba, kada ka ƙara tako mini shago."