Takardun Bangon Alhaji Sada

Duk abin da zan manta a aikin fansho, ba zan manta da ranar da aka shigo mana da Malam Isiyaku kwance a kan katifa ba. Ku da aka ɗauka bana nake ba labarin, don na ga kun fara rububin zuwa kwas.

A lokacin ina ƙaramin jami'i a ofishinmu na Jibiya. Ga wanda bai san aikin ba, abu biyu ne ke zagayowa duk shekara. Na farko tantancewa: ɗan fansho ya bayyana a gan shi da rai, in ba haka ba a dakatar da sunansa. Na biyu namu ne: jami'i ya je kwas na ƙaro ilimi, ya ji ƙa'idojin da suka canza, a sabunta masa takardar shaidar ƙwarewa.

Shugabanmu, Alhaji Sada, bai taɓa barin wani ya je kwas ba sai shi. Bangon ofishinsa ba masaka tsinke, takardu ne cikin gilashi tun daga saman ƙofa har bayan kabad. Kowa kuma ya san yadda ake samo su. Ya isa Katsina da safe, ya sa hannu, ya wuce kasuwa da gaishe-gaishen 'yan'uwa, ranar rufewa ya dawo ya karɓi jaka da takarda, a yi hoto. In ka tambaye shi me aka koyar, sai ya ce, "Abin da muka sani ne." Jakunkunan dai sun yi amfani, da su 'ya'yansa ke zuwa makaranta.

Malam Isiyaku tsohon malamin dabbobi ne, ya ƙare aikinsa yana duba shanun da ke ƙetare iyaka. Da ɓarin jikinsa ya shanye, 'yarsa Rabi da ke aure a wajen Maraɗi ta ɗauke shi tana jinya, da ɗan fanshon nan take saya masa magani. Ana dab da rufe tantancewa ta zo ofis, ta durƙusa gaban teburin Alhaji.

"Ranka shi daɗe, Baba ko zamnawa bai iyawa. Likita ya ce kar a motsa shi. Mi za mu yi?"

"A kawo shi. Ni ba ni tantance labari. In bai zo ba, wajen gwamnati ya mutu." Sai ya nuna mata bango da biro. "Kin ga waɗannan? Ba a kasuwa na saye su ba."

Ni ma ban san wata hanya ba, ina zan sani? Na raka ta bakin ƙofa ina ba ta haƙuri.

Ranar wata Talata cikin bazara ta kawo shi. A bayan motar hatsi aka shimfiɗa shi tsakanin buhuna, suka sha jira wajen 'yan duwan, wato kwastan na kan iyaka, rana na dukansa, sai bayan azahar suka iso. 'Yan dako ne suka kamo bakin katifar suka ajiye a tsakar ofis. Leɓɓansa sun bushe, numfashi sama-sama. Wallahi kunya ta hana ni kallon Rabi.

Allah da ikonsa, ranar Hajiya Binta ta zo duba aiki daga hedikwata. Ta tsaya a kan tsohon, ta juyo.

"Alhaji, wa ya ce a ɗauko wannan bawan Allah?"

"Ƙa'ida ce, Hajiya."

"Ta yaushe? An canza ta. Marar lafiya jami'i ke zuwa inda yake. In ya yi nisa, a gan shi ta bidiyo a waya, a haɗa da takardar likita. Ni na koyar da wannan a kwas ɗin bana, yini na yi a kansa." Ta matsa jikin bango ta duba. "Ga ma sa hannuna a takardarka."

Alhaji ya gyara hula, ya yi gyaran murya. "Ina jin lokacin na fita alwala."

Alwalar yini guda! Ba wanda ya yi dariya.

Ni na kama yatsan Malam Isiyaku na dangwala, don hannun ba ya ɗaguwa. Ya motsa baki da ƙyar, Rabi ta kai kunne.

"Sun gan ni?"

"Sun gan ka, Baba."

"To mu tahi gida."

Bai ga Juma'ar makon ba. Rai na Allah ne, ban ce tafiyar ce ta kashe shi ba. Amma wahalar da ya sha a bayan motar nan, mu muka ɗora masa, kuma ba gaira ba dalili.

Alhaji Sada an ba shi takardar tuhuma, ita ce kaɗai bai sa wa gilashi ba. Daga baya aka yi masa canjin wajen aiki, ya kwashe takardunsa a kwali, ya bar mana bango duk ramin ƙusa.

Abin da na koya shi ne, a wannan aiki jahilci mai takarda ya fi marar takarda cutarwa, don shi ba ya tambaya. In an tura ku kwas, ku zauna a kujera har a tashi. Mun sa tsoho mai shanyayyen jiki ya ƙetaro ƙasa don ya nuna yana nan, alhali wanda ya ba da umarnin, da ƙafafunsa lafiya lau, ya kasa zama a aji.