Jirgin Masara a Gonar Hosea

Cleon Batiste bai taɓa tuƙa babban jirgi ba, sana'arsa bin sawun jirage ce. A bakin kogin Mississippi aka haife shi, ubansa masunci. Tun yana saurayi ya kama aiki a jiragen turi, masu haɗa jiragen dako marasa inji da yawa, a ɗaure su da waya a tura su gaba, ka ce unguwa guda ce ke tafiya a kan ruwa. Wata rana waya ta tsinke ta tafi masa da yatsu biyu, sai kamfani ya sauke shi ya ba shi kwale-kwale mai inji. Daga nan duk jirgin da ɗaurinsa ya watse, Cleon ake kira ya bi ta inda ya bi, ya nemo abin da ya ɓace.

A shekarar babbar ambaliya, jirgin Kyaftin Odell Rucker ya bugi ƙafar gada, jiragen dakonsa suka watse kamar an kora awaki. Aka kamo su duka ban da ɗaya, wanda ke maƙare da masara. Cleon ya yi ta bin gaɓa har ruwa ya fara ja. Can ya hangi jan fenti irin na jirgin a jikin wata bishiya, sama da kansa nesa, ga rassa duk sun karye sun kwanta gefe guda. Ya ɗaure kwale-kwale ya shiga daji da ƙafa, laka har gwiwa.

Da ya ɓullo fili sai ya tsaya cak. Ga jirgin nan zaune tsakiyar gonar auduga, tsawonsa ya kai layin gidaje, babu ko ɗigon ruwa kewaye da shi. Murfinsa ya tsage, ruwan sama ya shiga, masara ta tsiro a samansa kore shar, tsuntsaye sun rufe ta. Cleon ya cire hula bai san ya cire ba. Duk zamansa da kogin nan, bai taɓa zaton zai ɗauki ƙarfe irin wannan ya tsallake daji da shi, ya ajiye a hankali ba tare da ko karkacewa ba.

A inuwar jirgin wani tsoho ke zaune yana shan kofi, Hosea Tillman ke nan, mai gonar.

"Sannu da hutawa, Baba," in ji Cleon. "Wannan namu ne."

"To ɗauki abinka mana, ɗan nan. Ko in taya ka azawa a ka?"

Kamfani ya turo motoci suka kwashe kayan, amma jirgin kam babu mai ɗaga shi sai wanda ya kawo shi. Hosea ya yi nomansa yana kewaye shi. Cleon kuwa ya riƙa zuwa yana liƙe ɓarakar gindinsa, suna cin soyayyar tarwaɗa da tsohon.

Da shekara ta zagayo, kogi ya sake cika, ya malalo cikin gonar. Cleon ya kira Odell ta rediyo.

"Kyaftin, yau ne ko kuma sai baɗi."

"Kai, mahaukaci! Cikin gona zan shiga da jirgi?"

"Ai kai ka fara aika wa Baba Hosea baƙo."

Odell ya taho a hankali ta tsakanin kawunan bishiyoyi, Cleon na gaba cikin kwale-kwale yana auna zurfi da gora. Suka ɗaura wa jirgin masarar waya. Odell ya juya farfelar jirginsa ta yi ta wanke lakar gindin jirgin masarar, ruwa ya yi baƙi ƙirin. An daɗe babu motsi. Sai ƙarfen ya yi wani irin nishi da Cleon ya ji har cikin haƙoransa, ƙasa ta sake shi, ya taso yana lilo kamar ɓawon gyaɗa. Duk ma'aikatan Odell suka zuba wa jirgin ido, har shi kansa Odell mai yawan zagi.

Hosea na kan tudu yana kaɗa hula. "Ku gaishe da gida! Kada ku sake turo shi!"

Inda jirgin ya zauna ya zama tafki, kifi ya cika shi. Da Cleon ya tsufa ya bar aiki, can yake zuwa ya jefa ƙugiya.