Yadda Na Hutar da Iya

Duk ranar Asabar da safe ina cikin masu hawan Dutsen Kufena. Yawancinmu ma'aikata ne da tumbi ya fara yi wa sallama, kowa da farin kambas da gorar ruwa, wani ma har da agogon da ke ƙirga masa taku. Idan mun kai sama sai a jeru a yi hoto. A duk hotunan nan dariya nake yi, amma ban taɓa taka hanyar da sakakkiyar zuciya ba. Akwai wadda ta fi ni sanin hanyar nan nesa ba kusa ba, kuma ni ne na raba ta da ita. Kakata ce, mahaifiyar babana, wadda muke kira Iya.

A Tudun Wada na tashi, a gidan kakanmu, mai ɗakunan haya biyu daga gaba da tsakar gida mai faɗi daga ciki. Da an idar da magariba an sauke tuwo, Iya ba ta yarda a yayyafa wa murhu ruwa. Sai ta jawo kujerarta ta 'yar tsugunno, ta tura dankali cikin toka, ta miƙe ƙafafu. Mu kuma mu kewaye ta, ni da ƙannena da 'ya'yan Mama Ngozi, matar mai shagon yadi da ke haya a ɗakunan gaba. Ni ne babban jika namiji, don haka ni ne maigidan Iya, kuma ba ta taɓa barina in sha iska ba.

"Maigida, yau ma haka za ka zo mini hannu biyu? Ko gishiri babu?"

"Ai na sake ki tun jiya," in ce mata.

"To, ajiye mini dankalina. Ba na ciyar da bare."

Ranar Alhamis ta fi kowace rana daɗi, domin ranar ce take fita. Da hantsi za ta ɗaura zane, ta ɗauki tsohon buhunta, Mama Ngozi ta bar wa mijinta shago, su nufi bayan gari ta wajen Kufena. Da kwalta ta ƙare Iya take cire silifa ta riƙe a hannu. Ba aiken kowa ke kai su ba, ba kuma sayarwa suke yi ba. Da damina su dawo da tafasa da lalo, da rani su zo da tsamiya ko magarya, wani lokaci kuma ba su dawo da komai sai ƙura a ƙafa da dariyar da suka ƙi gaya wa kowa dalilinta. Iya takan ce tatsuniya ba ta zuwa wa mutum a ɗaki, a bakin hanya ake tsintar ta. Mu kuwa muka ɗauka da gaske, har mukan zazzage buhun mu duba.

Akwai guda ɗaya da ta fi maimaitawa. Takan fara da cewa, "Kun ƙoshi? To ku ara mini kunnuwanku, zan mayar muku." Mu ce mun ara.

Wai a wani gari an yi wata tsohuwa da ta san wani marmaro a bayan dutse. Ita kaɗai ke zuwa, ta wata siririyar hanya da ƙafarta ta fitar. Ashe hanyar nan mai rai ce, kuma ba ta da abinci sai takun mutum. Kullum da asuba sai ta kira tsohuwa da waƙa. A nan Iya ke ƙanƙance murya, ta rera, muna amsawa:

"Taka ni, taka ni, 'yar tsohuwa,
Tafin ƙafarki ne tuwona."

Tsohuwa tana da ɗa guda, ya tafi fatauci ya daɗe, ya dawo da arziki. Ranar da ya shigo gari a kan raƙumi, mutane na ta yi masa barka, sai ga uwarsa ta ɓullo daga daji da tulu a ka, ƙafa duk faso. Kunya ta kama shi. Kafin sati ya sa an haƙa rijiya a tsakar gida, ya saya mata gado mai rumfa, ya rantse uwarsa ta gama wahala a duniya. Hanya ta yi ta kira da asuba, tsohuwa tana ji daga kan gado. Yau murya ta ragu, gobe ta ƙara raguwa, har ciyawa da ƙaya suka rufe ta. Sai wata shekara ruwa ya ƙi sauka, rijiyoyi suka ƙafe har da ta gidan attajiri. Mutanen gari suka taru suka ce tsohuwa ta nuna musu marmaro. Ta yunƙura, ƙafa ta ƙi. Ɗan ya goya ta zuwa bakin daji, ta yi ta kiran hanya, shiru. Yunwa ta riga ta kashe ta.

"Sai aka yi yaya?" mu tambaya, ko da yake mun sani.

"Sai kowa ya ɗaure kayansa aka bar garin. Ga kunnuwanku nan, kowa ya ɗauki nasa."

Ni labarin nan haushi yake ba ni. Wani dare na miƙe tsaye na ce ɗan nan mugu ne, da ni ne sarkin garin da na sa an zane shi.

Iya ta tono dankali, ta hura tokar, ta raba shi biyu. "Mugu kuma? Gado fa ya saya mata, maigida. Kai ko tabarma ka taɓa saya mini?"

Aka fashe da dariya, ni kuma na zauna ina hura hanci.

Shekaru suka wuce. Na gama karatu, na samu aikin gwamnati, na yi aure na koma Hanwa. Iya ta tsufa amma Alhamis ɗinta na nan. Ba ta kaiwa gindin dutsen kamar da, sai dai su je inda ƙarfi ya kai su, su zauna a inuwa su huta, su juyo.

Wata Alhamis, ban daɗe da sayen mota ba, ogana ya ce in kai shi Wusasa duba wani. Yana gaba kusa da ni, muna hira. Can sai na hango mata biyu a gefen titi, ɗaya da ƙullin ganye a ka, silifa a hannu, zane ya yi futu-futu. Tun daga tafiyar na gane ta. Ogana ya girgiza kai.

"Allah sarki. Dubi tsohuwar nan cikin ranar nan. Sai ka ce ba ta haifa ba. Wallahi 'ya'yan zamani ba su da tsoron Allah."

Na ce, "Wallahi kuwa, ranka ya daɗe." Na ƙara wuta muka wuce.

Har yau idan na tuna amsar nan sai in ji kamar in nutse. Amma a ranar ban ji haushin kaina ba, haushin Iya na ji. Da yamma na wuce Tudun Wada, na sami babana na yi masa bayani mai tsari: shekaru sun ja, motoci sun yi yawa, ga 'yan acaɓa ba sa ganin gabansu, idan ta faɗi a daji wa zai sani? Duk gaskiya ne, kuma babu ko ɗaya a ciki da ya kawo ni. Babana ya ce dama abin na damun sa, domin abokansa na masallaci sun fara yi masa magana. Gwaggonnina ma da aka buga musu waya suka ce na yi tunani, Allah ya yi mini albarka.

Na shiga ɗakin Iya da ledar lemo da ayaba, na durƙusa.

"Iya, tafiyar nan ta isa haka. Kin yi mana wahala, yanzu lokacin hutunki ne. Duk ganyen da kike so za a sayo miki a kasuwa."

"Na ce maka ganye nake nema?"

"To me kike nema?"

Ta dube ni. "Babanka ya sani?"

"Shi ya ce in gaya miki."

"To," in ji ta. Sai ta ɗaga murya yadda matan tsakar gida za su ji. "Jama'a, ku zo ku gani, yau maigida ya sa ni a kulle!"

Kowa ya yi dariya, har da ni. Na ji daɗi ma da abin ya zo da sauƙi. A satin na kawo mata kujera mai laushi da kafet da talabijin, na yi magana da wani mai keke mai ƙafa uku ya riƙa kai ta duk unguwar da za ta, ko da bayan layi ne. Duk wanda ya shigo ɗakin sai ya sa mini albarka. Na sha albarka a watan nan har na fara jin kaina wani ne.

Mutum ɗaya ce ba ta sa mini ba. Mama Ngozi ta tare ni a zaure wata rana, ta riƙe ƙugu.

"Sani, zo nan. Wannan abu da ka yi ba kyau. Iya ba ta ciwo, ba ta faɗi, me ya sa ka zaunar da ita?"

Na ce, "Mama, ba za ki gane ba. Mu a wajenmu abin kunya ne a ga tsohuwarka tana yawo a ƙasa kana da mota."

"Ni na fi ka daɗewa a wajenku," ta ce. "Kuma ranar nan mun gan ka. Ni na ɗaga hannu, ita ta sauke mini hannu, ta ce in bar ka, kana tare da manya."

Da mai hankali ne ni, daga zauren nan zan koma ciki in ce Iya ta ɗauko buhunta. Amma janyewa na nufin in faɗi dalilin farko, ni kuwa ban iya ba. Na shiga mota na tafi, na kuma rage zuwa gidan ranar Alhamis.

Bayan 'yan shekaru aka ce jinina ya hau, likita ya ce in rage zama in riƙa tattaki. Haka na shiga ƙungiyar masu hawan dutse. Har da rashin kunyata na nuna wa Iya hotuna a waya. Ta karɓa ta kawo kusa da ido, ba ta ko kalli fuskokinmu ba.

"Tsamiyar nan ta hannun hagu, kafin a fara hawa, tana nan?"

Na ce ban lura ba.

"To me kuke kallo in kun je?" Ta miƙo mini wayar. "Oh ni. Da mu muke yi, sunansa wahala. Yanzu da ya zo kanku har da takalminsa na musamman."

A lokacin ta fara dafa bango kafin ta kai bakin ƙofa. Daga baya sallah ta koma a zaune. Da abin ya yi tsanani na ɗauke ta zuwa asibiti. Likitar, wata mace mai fara'a, ta lanƙwasa gwiwar ta miƙe, ta matsa ƙwauri, ta duba tafin ƙafa.

"Iya, ƙafar nan taki ta wadda ta saba tafiya ce. Yaushe kika daina?"

"An kwana biyu."

"Ciwo ne ya tsayar da ke, ko wani ne ya ce ki daina?"

Ina tsaye a bayan kujerar, riƙe da mayafinta da katin asibiti. Iya ba ta ko waiwayo ba.

"Ba kowa, 'yar nan. Lalaci ne ya kama ni. Wannan da kike gani kullum faɗa yake yi mini in tashi in motsa."

Likitar ta dube ni ta ce na kyauta, ba kowane jika ke kula haka ba. Ta ce za a gwada magani da gashin ƙashi, amma a irin shekarun nan abin da zama ya ci da wuya ya dawo. Na ce mata na gode.

Muka shiga mota muka kama hanya. Tatsuniyar nan ce ta yi ta yi mini yawo a ka. Ina yaro na ɗauka tsokana ce kawai ta sa Iya ta ƙi kiran ɗan nan mugu. Sai a ranar na ga abin da ta gani: yana son uwarsa, ba ƙarya, amma idon mutane ya fi auna masa nauyi, kuma ko sau ɗaya bai tambaye ta me take samu a hanyar ba. Irin wannan laifin ba a zane mutum a kansa, albarka ma ake sa masa, shi ya sa yake daɗewa bai gane ba.

Maimakon in nufi Tudun Wada sai na karya kan motar. Ba mu yi nisa ba ta ɗago kai daga kujerar baya.

"Ina kuma za mu?"

"Kufena, Iya. Akwai inda mota ke kaiwa har kusa da gindin dutsen. Ko daga ciki ne ki gan shi."

"Tsaya."

Na gangara gefe na tsaya. Ta gyara mayafinta, ta dubi gwiwoyinta.

"Tun ina budurwa nake zuwa wurin nan, ban taɓa zuwa masa a zaune ba. Ba kuma yau zan fara ba. Kai ni gida, Sani."

Rabon da ta kira ni da sunana har na manta. Na juya motar.

Ta ƙara shekara ɗaya da wani abu a ɗakin nan, tsakanin gado da kujerar da na saya mata. Sau da yawa na shiga da niyyar in ce ta yafe mini, amma da na durƙusa sai ta fara tambayar ina cefane, ni kuma in bi ta mu yi ta wasa, in fito ina jin sauƙin da bai kamace ni ba. Ina ta jiran ranar da maganar za ta yi daɗin faɗa. Ba ta ƙara fita daga gidan ba sai ranar da muka fito da ita a kafaɗa.